Haɗa ƙarfe da zare a kayan ado: amsa ga mai tambaya daga Argungu

Wata ɗaliba daga Argungu, wadda ta ce ta tashi a gidan da mata ke ɗinkin hula maza kuma ke saƙar homa, ta aiko da tambaya mai rassa uku. Ta ga hotunan sarƙoƙi da awarwaro a intanet waɗanda aka haɗa ƙarfe da zare ko ƙyalle wajen yin su, sai ta gwada nata da wayar tagulla da zaren auduga rinin baba. Ba a yi sati uku ba wuyanta ya yi kore, zaren kuma ya tsinke daidai inda ya ratsa ƙarfen. Tana so ta san ko wannan sana'a ce ta gaske ko kuwa wasan Turawa ne, da inda ta yi kuskure, da kuma ko za a sami mai saye a ƙasarmu.

'Yata, na gode da tambayarki, kuma ki gode wa Allah da sarƙar ta tsinke a wuyanki, domin da a wuyan wadda ta biya kuɗinta ta tsinke, da abin ya fi haka ciwo. Ni jikan maƙeran fari ne, wato masu ƙirar azurfa da tagulla, na kuma daɗe ina koyar da zane da ƙira, saboda haka zan ba ki amsa da abin da na karanta da abin da hannuna ya taɓa.

Sana'a ce ta gaske, tana da tarihinta da gwanayenta. Wajen shekarar 1940, wata masaƙiya 'yar asalin Jamus mai suna Anni Albers, wadda ta yi hijira zuwa Amurka tana koyarwa a kwalejin Black Mountain, ta haɗa kai da wani ɗalibinta Alex Reed suka riƙa yin abin wuya da tarkacen shagon kayan gini, har da wanda suka jera ƙananan zobban da ake sa wa noti a jikin siririn ƙyalle. Abin da ya zaburar da su shi ne tsofaffin kayan adon da aka tono a Monte Albán ta ƙasar Meksiko, inda suka ga an gwama abu mai tsada da marar tsada ba tare da an raina ɗaya ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai abin ya yi ƙarfi a Holan da Birtaniya da Jamus, inda matasan maƙera suka ƙi yarda a ce darajar abin ado tana ga nauyin zinariyarsa kaɗai. Gijs Bakker da Emmy van Leersum suka yi manyan abubuwan wuya da goran-ruwa, a 1976 kuma Paul Derrez ya buɗe gidan baje kolin Galerie Ra a Amsterdam domin irin waɗannan ayyuka. A 1983 Caroline Broadhead ta Birtaniya ta saƙa wani abin wuya da zaren nailan, kusan irin wanda masunta ke ɗaura wa fatsa, wanda ake iya barinsa a kafaɗa ko a ja shi sama ya lulluɓe fuska. A birnin Munich kuwa tun 1959 ake yin wani baje koli mai suna Schmuck, wanda har yau shi ne babbar mahaɗar masu wannan aiki.

Mutum biyu ne suka fi kusa da abin da kike nema. Arline Fisch, wadda aka haifa a 1931 ta kuma daɗe tana koyarwa a San Diego, ta fitar da littafi a 1975 kan yadda ake yi wa ƙarfe dabarun saƙa, wato a ɗauki waya a yi mata kwarashi ko kitso ko a ɗora ta a masaƙa tamkar zare. Mary Lee Hu kuma, wadda aka haifa a 1943 ta koyar a Seattle, ta shahara da murɗa siririyar wayar zinariya a kan mai kauri kamar yadda ake saƙar kwando, har abin ya fito kamar yadi alhali ƙarfe ne zalla.

Sai dai ina jan hankalinki kada hotunan su ruɗe ki. Da yawa daga cikin waɗannan ayyuka an yi su ne domin a ajiye a akwatin gilashi, ko a sa na awa biyu a ƙasar sanyi a cire. Ba a yi su domin matar da za ta wuni da su a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga gumi, ga humra, ga alwala sau biyar. Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Sulke da 'yan sulke ke sawa a hawan salla riga ce da aka saƙa da zobban ƙarfe. Kuben takobi da hamilarsa ƙarfe ne da fata da zare a wuri ɗaya, haka ma linzami da sauran kayan doki. Buzaye sun daɗe suna rataya ƙirar Agadas ta azurfa a igiyar zare ko ta fata. Idan kin sami sarari ki shiga gidan tarihi na Kanta da ke garinku, ki tsaya a gaban tsofaffin makaman, kada ki kalli kyansu, ki kalli inda abu mai tauri ya sadu da mai laushi ki ga dabarar da aka yi a wurin. Ilimin wannan sana'a kusan duka a wannan mahaɗa yake, kuma a nan ne taki sarƙar ta ba ki kunya.

Hanyoyin aikin biyu ne, kuma ya kamata ki san wadda kike bi. Ta farko ita ce a mai da ƙarfen kansa zare. Waya mai kaurin milimita 0.2 zuwa 0.4 tana karɓar kwarashi, tana kuma karɓar ƙullin raga, wanda na tabbata akwai wanda zai koya miki shi a gidanku cikin yini ɗaya. Azurfa tsantsa, wadda ake yi wa lamba 999, ta fi dacewa da wannan domin tana da laushi kuma ba ta saurin taurara. Wadda ake yi wa lamba 925, wato kashi 925 cikin 1000 azurfa ce sauran galibi jan ƙarfe, ta fi ƙarfi amma ta fi gardama a hannu. Kowace waya idan ana lanƙwasa ta tana ƙara tauri har ta kai ga karyewa, maganin haka shi ne a naɗe ta tam, a gasa ta har ta fara nuna ja a wuri mai duhu, a bar ta ta huce, sai laushinta ya dawo. Ga mai koyo ban ga abin da ya kai wayar jan ƙarfe ta masu naɗin kwayil ɗin fanka da janareta ba. Tana da araha, ana samunta a kowane babban gari daga Jega har Yawuri, tana da kauri iri-iri, kuma tana zuwa da rufi a jikinta wanda ke raba ta da fata. Abin kiyayewa kawai shi ne ba a kai ta wuta, domin rufin zai ƙone.

Hanya ta biyu, wadda kika bi, ita ce a bar ƙarfe a matsayinsa, zare ma a matsayinsa, a nemi yadda za su zauna tare. Ta fi wuya, kuma a nan zan daɗe.

Ka'idar farko ita ce duk aikin wuta a gama shi kafin zare ya matso kusa. Azurfa tana narkewa a wajen digiri 961, abin da ake liƙa ta da shi ma sai zafi ya kai wajen 700 yake gudana, alhali auduga ta riga ta babbake, nailan ya narke, tun kafin a kai 300. Don haka a ƙera, a liƙa, a wanke, a goge, sa'an nan a kawo zare, kuma daga nan duk haɗin da za a yi na sanyi ne: ɗinki ta cikin huda, ko naɗi, ko 'yar ƙusa da ake dannewa da guduma, ko bututun da ake cusa bakin igiya a matse. Wankin ma akwai magana a cikinsa. Maƙeranmu kan jiƙa aiki a ruwan tsamiya ko na lemon tsami domin ya fito fes, kuma dabara ce mai kyau, amma tsamin da ya maƙale a lungun huda yana cin auduga sannu a hankali. Sai a tsoma aikin a ruwan kanwa ya kashe tsamin, a ɗauraye da ruwa mai yawa, domin ita ma kanwar tana ɓata alharini da ulu. Auduga tsami take tsoro, alharini da ulu kuwa kanwa da toka, wannan ki riƙe shi da kyau.

Game da tsinkewar zarenki, ko ban ga sarƙar ba ina da yaƙinin bakin ƙarfen ne ya yanke shi. Duk hudar da aka yi, da duk wayar da aka datse, tana barin wani ɗan kaifi wanda ido ba ya gani amma zare yana ji, kuma duk motsin da mai sarƙa ta yi, zaren yana gogar wannan kaifi kamar ana yi masa zarto. Bayan kin huda, ki ɗauki bakin abin huda wanda ya fi hudar girma ki murza shi da yatsu a fuska biyun har bakin ya yi kwari, ki bi da samfefa mai laushi, sa'an nan ki zura igiya mai ɗan kauri ki yi ta ja da komowa har cikin hudar ya yi santsi. Bakin waya kuma a goge shi da magagari a lanƙwasa shi ya koma ciki. Gwajin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su zura irin zaren da za su yi aiki da shi, su ja shi gaba da baya sau ɗari da ɗan ƙarfi. Idan ya yi gashi, hudar ba ta gyaru ba. Zaren ma a murza shi da kakin zuma kamar yadda dukawa ke yi. Abu na ƙarshe a nan, kada ki bar zare shi kaɗai ya ɗauki nauyin ƙarfe. Azurfa ta ninka goran-ruwa nauyi kusan sau huɗu, tagulla ta ninka shi kusan sau uku, saboda haka idan abin yana da nauyi sai a ɓoye waya ko igiya mai ƙarfi a ciki ta zama ƙashin baya, zaren ado ya zama tufa a kanta.

Koren da kika gani a wuyanki jan ƙarfen da ke cikin tagulla ne ya gamu da gishiri da tsamin gumi, domin ita tagulla gamin jan ƙarfe ce da tutiya. Yawanci ba ya cutarwa, yana fita da sabulu, amma yana ɓata zare da wuyan riga, kuma zaren da ya sha gumi ya kwanta a jikin ƙarfe yana ƙara hanzarta abin saboda yana riƙe laima. Ana iya shafa wa tagullar kaki ko jan farce marar launi, sai dai wannan rufi yana gogewa. Abin da ya fi shi ne a tsara aikin ta yadda ƙyalle ne ko azurfa ke taɓa fata, tagullar tana waje. Ki duba kuma ko akwai shuɗi a cikin koren, domin rinin baba yana zuba idan ba a ɗauraye shi sosai ba. Ki goga zaren a farin ƙyalle mai ɗan laima kafin ki yi aiki da shi.

Kowane ƙarfe akwai abin da ba sa shiri da shi. Azurfa tana baƙi idan ta shaƙi farar wuta, ulu da roba kuma duk suna fitar da ita, don haka wanda ya haɗa azurfa da ulu ya ɗaura aure tsakanin masu faɗa. Tagulla idan ta kwanta a kan fatar da ta sha mai sai ta yi wani kore mai danƙo, irin wanda kike gani a maɓallin tsohuwar jaka. Baƙin ƙarfe kuwa da fatar da aka jeme da bagaruwa, da sun ji laima sai su yi baƙi wuluk, kuma da wannan sirri ne dukawa ke haɗa kuloko, wato baƙin rini, da kashin maƙera su rina fata. Na san wannan sarai, amma ya taɓa kama ni. Shekarun baya na yi wa wata amarya abin wuya na jar fatar akuya, na ɓoye siririyar wayar baƙin ƙarfe a ciki domin ya tsaya da kyau, ina ganin ai ba za ta taɓa komai ba. Bikin ya faɗo a damina, kafin a kai ta ɗakinta baƙin ya huda fatar ya sauka a farin leshinta. Na biya kuɗin leshi, na kuma sha magana daga gwaggonninta wadda har yau ban manta ba.

Akwai abubuwa biyu da ba na sassauci a kansu. Na farko dalma. Kada ki liƙa kayan ado da dalmar masu gyaran rediyo, kada kuma ki narka ƙarfen da ba ki san asalinsa ba. Mu a wannan yanki mun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda yara sama da 400 suka rasu saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, kuma kowa ya san abin da jariri ke fara kai wa baki idan an ɗauke shi shi ne sarƙar uwarsa. Na biyu nikel, wanda ke cikin yawancin fararen ƙarafa masu araha, yana kuma sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje. Tun 1994 Tarayyar Turai ta kafa doka mai ƙayyade yawan nikel ɗin da abin da ke daɗewa a jikin fata zai riƙa saki, saboda haka idan kina da burin sayarwa waje, ƙugiyar 'yan kunne da maɗaurin sarƙa su zama azurfa.

Yanzu ga shawarar da na fi so ki ɗauka. Ƙarfe yana shekara ɗari yana nan, zare kuwa ko an lallaɓa shi 'yan shekaru ne, balle a wurin da ƙurar hunturu ke shiga saƙa tana cinta, damina kuma ta zo da ruma. Tun da kwanansu ba ɗaya ba ne, ki tsara aikinki yadda za a iya kwance zaren a sa sabo ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Ki fifita ɗinki da ƙulli a kan gam, ki sa maɗauri mai buɗewa, ki ba mai saye ɗan ragowar zaren a ƙunshi. Ƙirar Agadas ɗin da kika ga tsohuwa da ita, ta yiwu an sauya mata igiya sau goma, azurfar kuwa ita ce dai ta kakarta. Saboda alwala kuma, ni ban cika son a sa zare a zobe ko awarwaron da ba a cirewa ba. Abin wuya da 'yan kunne da abin maƙala wa mayafi sun fi zama lafiya.

Batun kasuwa ba zan yi miki daɗin baki ba. Matanmu suna sayen zinariya ne a matsayin ajiya, abin da za a sayar ranar da buƙata ta taso, shi ya sa tambayar farko a wurin mai sayarwa ita ce giram nawa. Aikinki ba zai amsa wannan tambaya ba, domin kuɗinsa na hannu ne da basira, kuma wadda ta saya ba za ta mai da shi ta karɓi kuɗi ba. Masu sayenki kaɗan ne: amaren da ke son abin da zai dace da ankonsu, da matan da suka gaji da kayan kanti iri ɗaya, da baƙin da ke zuwa bikin kamun kifi, da waɗanda za su gan ki a Instagram daga Abuja ko Legas. Ki tuna kuma shari'a ta hana maza zinariya da alharini, don haka idan za ki yi wa namiji maɓallin riga ko hamila, ki tsaya a azurfa da auduga da fata. Ki riƙa rubuta awannin da kowane aiki ya ci, domin masu saƙa sun fi kowa karyar da kansu wajen farashi, kuma ki faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki, idan tagulla ce kada a bar ta tana zaton ruwan zinariya ne. Abin da zai raba ki da dubban masu kwaikwayon hotunan intanet shi ne abin da ke gidanku, wato ƙullin homa, da ɗinkin hula, da abawar da tsofaffi ke kaɗawa da mazari, da zaren tsamiya irin na manyan riguna idan kin dace da shi.

Sarƙar da ta tsinke kada ki yar. Ki kwance ta, ki wanke tagullar da tsamiya, ki bi da ruwan kanwa ki ɗauraye, ki gyara kowace huda da kowane bakin waya yadda na faɗa. Ki wanke sabon zare har ruwansa ya daina shuɗi, ki murza masa kaki, ki ɗinka siririn ƙyalle a bayan ƙarfen inda zai taɓa wuya. Sa'an nan ki sa ta kullum har wata guda, da gumi da turare da komai, ranar da watan ya cika ki cire ta ki duba hudojin ɗaya bayan ɗaya a cikin hasken rana, ki rubuto mini wadda zaren ya fara yin gashi a bakinta.